Faranti a Cikin Kumbo

Hauwa mai kifi ba ta ce a'a ba, ba ta kuma ce to ba. Tana juya tarwaɗa a cikin mai ta ce wa Madam Hadiza, malamar babban aji a lakwal, wato makarantar bokon Madarunfa:

"Ki nuna mani mace guda wadda boko ya kai wani wuri, in gan ta da idona. Ban da ke, Madam. Ke alli ya cinye maki yatsu, kuma a ƙasa kike tafiya kamar kowa."

Madam ta yi murmushi, don ta saba da bakin Hauwa. Maganar a kan Ɗelu ce, autar Hauwa kuma ɗiyarta mace tilo. Yarinyar ta ci jarrabawar shiga kwaleji a Maraɗi, ita kaɗai mace cikin waɗanda suka ci a garin, a shekarar da ta biyo bayan wadda rediyo ya ce Amurkawa sun taka wata. Ubanta ya rasu, yayyenta maza sun watsu Jibiya da Katsina neman abin kansu. Ita ke ɗaukar farantin soyayyen kifi bayan an tashi lakwal, ta zaga gari har magariba. In ta tafi Maraɗi, faranti ya zauna. Baffanta ya ce shi ba ruwansa, abin da uwa ta yanke shi ke nan. Motar da za ta kwashi 'yan kwaleji kuwa ranar Litinin za ta zo.

Madam ta aika Maraɗi, wurin masu ba makarantu aron silima, ta roƙi wani fim da ta taɓa gani tana ɗaliba, na 'yan mata baƙaƙe masu koyon aikin asibiti. Ta bi gida gida ta gayyaci iyaye mata. Ranar Alhamis mota ta iso da majigi da injin wuta da Inusa.

Inusa ɗan Safo ne. Shara yake yi a wurin masu silimar har aka koya masa zura fim a majigi. Tun daga ranar ya sa baƙin tabarau, ya tsaga gashin kansa a gefe da reza, ya ce a riƙa kiransa Mushe Inus, yadda Faransawa ke kiran babban mutum. Shi ne kuma tafinta. Fim na magana da Faransanci, shi yana tsaye a gefen farin ƙyalle yana juyawa da Hausa, yana ƙara gishiri duk inda ya ga miyar ta yi lami.

"Ina fim ɗin 'yan asibiti?" in ji Madam, da ta ga gwangwanin fim ɗin da ya sauke.

"An tafi da shi Tasawa. Kar ki damu, Madam, wanga ya fi shi nesa. Gobe ce ake nunawa a ciki, yadda duniya za ta zama in ilimi ya kai ƙarshensa. Kumbo, taurari, komai da komai."

"Mata na kira, Inusa. Da mace a ciki?"

"Mushe Inus," ya gyara mata. "Akwai mace mana. Dokta ce ma. Kanta ya fi na mazan duka."

Madam ba ta taɓa ganin fim ɗin ba, kuma babu lokacin gani. Mata sun fara shigowa.

Bayan la'asar aka toshe tagogin aji da tabarmi da buhunan gyaɗa, aka rataya farin ƙyalle a kan allo. Mata suka zauna a bencin 'ya'yansu, gwiwoyinsu na gugar tebur. Yara suka cika ƙasa, maza suka yi cincirindo a bakin ƙofa suna leƙe. Hauwa ta zauna a gaba, ƙanshin man kifi na tashi daga zanenta, Ɗelu a ƙasa kusa da ƙafarta. Madam ta ja kujera ta zauna a gefensu. Injin ya yi tari, ya kama.

Kumbon da ya bayyana ya yi kama da murfin tukunya rataye da zare, taurarin kuwa kamar an watsa gero a kan baƙin zane. A cikinsa maza ne zaune cikin tufafi masu ƙyalli irin na sabon kwanon sha, suna murɗa abubuwa, suna ɗaure fuska. Dukansu Turawa ne, dukansu kuma haɓarsu iri ɗaya. Wanda ya shirya fim ɗin ya iya tunanin jirgin da zai wuce rana, amma tunaninsa bai kai ga baƙin mutum zaune a kujera ba.

"Wanga shi ne akta," in ji Inusa, yana nuna shugaban jirgin da sanda. "Shi ne jarumi, shi za ku so. Ba ya mutuwa."

"Kai, ɗan Lami mai daddawa," in ji Hauwa. "Ka ce gobe ce wagga?"

Inusa ya haɗiye sunan da ƙyar. "Gobe ce, Inna."

"Ta duniya duka, ko ta garinsu?"

"Ta duniya duka."

"To mu ina muka tafi? Ban ga baƙar fata ko ɗaya ba."

Kafin ya sami amsa, tsohuwa Ladi, maƙwabciyar Hauwa, ta ɗaga murya daga baya: "Suna waje suna turawa, kamar motar Ɗan Issa in ta kafe a rairayi."

Aji ya kwashe da dariya, har mazan bakin ƙofa. Inusa ya buga sanda a ƙasa ya ce a yi shiru, ga muhimmin wuri ya zo.

Wata ƙofa ta buɗe kanta a cikin kumbon, mace ta shigo. Gashinta ruwan zuma, an tara shi a ka kamar gammo, rigarta ta tsaya can saman gwiwa.

"Yadi ya ƙare a goben ke nan," in ji Ladi.

"Ga ta nan!" in ji Inusa. "Dokta! Ta karanci taurari, ta karanci jini, ta karanci ƙarfe. Babu makarantar da ba ta gama ba. Ku dube ta da kyau, iyayena, haka 'ya'yanku za su zama."

Madam ta gyara zama. Ta saci kallon Hauwa, ta ga ta daina taunar goro. Doktar ta nufi wani bango mai fitilu, ta tsaya, ta danna wani abu da yatsa. Madam ta ce a ranta, yanzu za ta juya jirgin, ko ta gano wata hanya da mazan suka kasa ganowa. Bango ya buɗe. Kofuna suka fito. Dokta ta jera su a faranti, ta ɗauka, ta bi mazan ɗaya bayan ɗaya tana murmushi. A gaban akta ta ɗan rusuna, ta faɗi wata magana, ta juya masa cokali a kofi. Shi ko kallonta bai yi ba.

"Magani take ba su," in ji Inusa da sauri. "Na hana jiri a sama. Ita ta haɗa shi da iliminta. In babu ita duk sun mutu."

Hauwa ba ta dube shi ba. Ta juyo wajen Madam.

"Madam, ke nake tambaya. Mi ta ce?"

Kalma biyu sun isa. In Madam ta ce haka ne, magana ta wuce, wataƙila ma Ɗelu ta hau mota ranar Litinin. Ta buɗe baki, sai ta ga yarinyar ta ɗago kai tana kallonta. Ɗelu ta ji kowace kalma ta Faransancin nan, a wannan ajin ta koye shi, daga wannan bakin.

"Ta ce, wa ke son sukari a kafe, gahawar nan tasu," in ji Madam a hankali.

Dariyar da aka yi wannan karon ta fi ta farko, amma Hauwa ba ta yi ba.

"Karatun nata ya daɗe?"

"Ya daɗe, Yaya Hauwa."

"Allah Sarki. Ɗelu ta iya wanga tun haƙoranta ba su gama fitowa ba. Ita a ka ma take ɗauka, ba ta riƙewa."

Madam ta kau da kai. Ta dubi allon da ƙyalle ya rufe, ta ji kamar ta tashi ta kashe injin da hannunta.

Kumbon ya sauka a wata duniya mai rairayi da duwatsun kwali. Mazan suka fito da bindigogi, dokta na biye tana riƙe da jakar wani. Kiɗa ya canza, ya koma gurnani. Daga bayan duwatsu mutanen wurin suka ɓullo. Ko yaro ya ga cewa Turawa ne aka shafa wa baƙin tukunya, don bayan kunnen ɗaya ya manta ba a shafa ba. An naɗa masu rawani yadda wanda bai taɓa naɗa rawani ba zai naɗa, an ja masu zane a kumatu, an rataya masu ƙasusuwa a wuya. Ba sa magana, sai gunji.

"Af, ga mu nan!" in ji Ladi. "Ashe mun riga su zuwa."

"Dubi zanen," in ji wata. "Gobirawa ne, wallahi. Ba inda ba su zuwa."

"Dodanni ne!" in ji Inusa. "Ku ji tsoro!"

Ba wanda ya ji tsoro. Wani dattijo daga cikin masu rawanin ya fito shi kaɗai, yana tafiya a duƙe, riƙe da babban kwano da hannu biyu. Mai fim ya sa hayaƙi na tashi daga kwanon don gaban mai kallo ya faɗi. Amma matan Madarunfa sun san abin da ake nufi in baƙo ya sauka, mai gida ya taho da kwano da hannu biyu. Suka yi ta gyaɗa kai.

"Madalla. Gidan mutunci."

"Har kunu mai zafi suka dama masu, bayin Allah."

Akta ya ɗaga bindiga. Wani haske ya fita, dattijo ya faɗi, kwano ya gangara, abin da ke ciki ya bi rairayi.

Aji ya hargitse. Ladi ta miƙe tsaye tana salati. Wata ta dafe kai, wata ta yi wa ƙyallen daƙuwa da hannu biyu.

"Guba ce a ciki!" Inusa na ihu a kan hayaniyar. "Akta ya gane, shi ya sa!"

"Ya ɗanɗana ne?"

"Ko sallama ba su yi ba, suka sauka a gonar mutane!"

"'Yan fashi ne, ɗan Lami, ka ce mana 'yan fashi ne tun farko!"

"Ba ku gane silima ba," in ji Inusa, gumi na bin ƙarƙashin tabarau. "Farare su ne mutanen kirki. Ku saurari kiɗan mana! Kiɗan ne ke gaya maku wanda za ku so."

"Ka gaya wa kiɗan ya je ya ɗauko kwanon," in ji Ladi.

A ƙyalle akta ya tsaya a kan gawar, ya juya ga dokta, ya yi wata magana yana gyara ɗamararsa.

"Ya ce kuskure ne, Allah ya jiƙan tsoho," in ji Inusa.

Wannan karon Hauwa ba ta tambayi Madam ba. Ta taɓa kafaɗar ɗiyarta da yatsa.

"Ke. Mi ya ce?"

Ɗelu ta miƙe ta harɗe hannuwa a ƙirji, yadda take yi in an tambaye ta a aji.

"Ya ce kada dokta ta ɓata hawayenta, Inna. Ya ce waɗannan ba mutane ba ne, ko magana ba su da ita."

Hayaniyar ta mutu. Ƙarar injin kaɗai ake ji daga waje.

"Ita kuma mi ta ce masa, da duk karatun nan nata?"

Ɗelu ta waiwaya ta duba. "Ba ta ce komai ba, Inna. Ta suma."

Haka ne kuwa. Akta ya sungume ta a hannu, kanta na reto, takalminta ɗaya ya faɗi.

Hauwa ta tashi ta gyara ɗaurin zanenta. "Taso mu tafi. Mai ya huce, kifi na jira." Ɗelu ta bi ta, ba ta yarda ta haɗa ido da Madam ba. Ladi ta bi su, sauran matan suka bi Ladi, mazan bakin ƙofa suka dare suka ba su hanya.

Madam ta zauna har ƙarshe saboda yaran. Ta ga an ƙone garin masu rawani ƙurmus da haske ɗaya. Ta ga kumbo ya tashi da kiɗan murna. Ta ga dokta ta farfaɗo, ta gyara gashinta, ta koma bangon nan mai fitilu ta ɗauko faranti.

"Laifinki ne, Madam," in ji Inusa yana naɗe waya. "Da kin bar ni da maganin jiri, da yanzu duk sun kawo 'ya'yansu. Mutanen ƙauye ba a ba su magana ɗanya."

"Daga Safo zuwa nan wane ne ba ɗan ƙauye ba, Inusa?"

Bai gyara mata sunan ba. Ya ɗauki gwangwaninsa ya fita.

Kafin magariba Madam ta hango Ɗelu ta wuce ta bayan lakwal da faranti a ka, tana kiran a sayi kifi da muryar da ba ta kai ko tsallaken hanya ba. Juma'a ta wuce, Asabar ta wuce, Madam ba ta je gidan ba. Ba ta san abin da za ta ce ba. Ta yi alkawarin nuna mace, ta nuna, kowa kuma ya gani.

Ranar Lahadi da hantsi ta daure ta tafi. Ta tarar da Hauwa a tsakar gida tana fasa karfasar da masunta suka kawo daga tafki, Ɗelu na wanke su a gefe. Bayan gaisuwa Hauwa ta ɗauraye hannu, ta ɗebo ruwa a ƙwarya daga randa, ta taho da shi da hannu biyu, a duƙe.

"Sha, Madam. Ba guba. Kar ki harbe ni."

Madam ta yi dariyar da ba ta shirya ba, ta sha, ta ajiye ƙwaryar.

"Yaya Hauwa, na zo ba da haƙuri ne. Ba wannan fim ɗin na roƙa ba. Akwai mata masu ilimi na gaske, baƙaƙe kamarmu, suna aikin asibiti a Yamai. Ban da yadda zan nuna maki su kafin gobe."

"Bar su inda suke." Hauwa ta koma kan kifinta. "Wagga doktar tasu kuwa, ko talla ba zan ba ta ba. Mai suma da faranti asara gare ta. In wanga shi ne iyakar abin da mazansu suka iya yi da mace mai karatu, to kansu bai kai girman jirginsu ba."

"Haka ne."

"Amma ba ita ta hana ni barci ba. Ɗan Lami ne." Ta tsaga cikin kifi, ta jefa a roba. "Ni tun ina yarinya, duk inda aka yi Faransanci a gabana, akwai wani ɗan Lami tsaye a tsakani. A wurin allura akwai shi, a duwan ɗin Ɗan Issa, wurin 'yan kwastan, akwai shi. Su faɗi tasu, shi ya ba ni wadda ya ga ta dace da ni, in ce na gode. Ran nan mutum ya taka gawa ya ce ba mutum ba ne, aka ce mani Allah ya jiƙan tsoho. Da ba don wagga ba," ta nuna Ɗelu da wuƙa, "da na ce amin."

Ɗelu ta sunkuyar da kai a kan ruwan wankin.

"Mutanen da ke shirya gobe ba su sa mu a ciki ba, sai a inda za a harbe mu. To gara in sami kunne a gidana, mai jin abin da suke cewa tun suna nesa. Faransancin da take ji yanzu na yara ne. Ta je ta koyo na manyansu, wanda suke yi in sun rufe ƙofa."

Madam ta ɗago kai. "Kin yarda ke nan?"

"Ban gama ba. Ranar da na tambaye ki mi ta ce, na ga cokali na juyawa a kofi. Ni ba makauniya ba ce, na san sukari. Ke nake aunawa. Da kin ce magani ne, da ɗiyata ba ta ƙara taka lakwal ba, balle Maraɗi. Ba zan ba da ita a mai da mani ita ɗan Lami ba."

Madam ta dubi ƙwaryar da ke gabanta. Can ta ce, "Tallan fa? Wa zai ɗauka?"

"Wa kika gani? Ni mana. Wuyana bai manta ba."

"Mutane za su yi magana, Yaya Hauwa. Mace kamarki da talla."

"Su yi da Hausa, ina ji."

Ranar Litinin mota ta tsaya a gaban lakwal. 'Yan kwaleji maza suka haye baya da akwatunansu, iyayensu na ta addu'a. Ɗelu ta zo da ƙunshin kayanta a hannu. Hauwa na bayanta da farantin kifi a ka, babbar mace mai furfura a gefen kallabi, tana tafiya a miƙe ba ta riƙe ba. Wasu suka kau da kai, wasu suka yi ƙus-ƙus. Ladi ta sayi na farko.

Da direba ya ta da mota, Hauwa ta matso kusa da inda ɗiyarta ta zauna.

"Ke, ki ji ni. In suka gama koya maki suka miƙo maki faranti, ki ce kina da naki a gida, kuma ya fi nasu girma."

"To, Inna."

"Kuma kar in ji kin suma."

Mota ta kama hanyar Maraɗi. Hauwa ba ta tsaya ta ga ƙulewarta ba. Ta gyara gammo, ta juya wajen kasuwa, ta ɗaga murya ta kira a sayi kifi, har cikin aji Madam na jin ta.